Agogon kurono na kwafi: me ya sa gyaransa yake cin watanni a Yamai?

Ba wuya yanzu ka ga ɗan kasuwa ko matashi a Yamai ɗaure da agogo mai nauyi, fuskarsa da ƙananan da'irori uku, gefensa da maɓallai biyu, an rubuta masa Rolex ko Omega ko Breitling. Da yawa tsarabar Dubai ce ko ta Guangzhou a ƙasar Sin, kuma mai shi ya san kwafi ne tun ranar da ya saya. Rigima ba ta tashi sai ranar da agogon ya tsaya, aka kai wa mai gyara, aka shiga "dawo jibi", "dawo mako mai zuwa". Ga tambayoyin da masu irin wannan agogo suka fi yi.

Duk agogo mai da'irori uku kurono ne?

A'a. Danna maɓallin sama. In doguwar allurar tsakiya ta tashi da gudu, ka sake dannawa ta tsaya, ka danna na ƙasa ta koma kan 12, to kurono ne na gaske, mai ƙidayar lokaci. In kuwa maɓallan ranar mako ko wata suke canzawa, ado ne kawai aka yi wa agogon. Akwai kuma mai batir, wanda sau da yawa injin Seiko VK63 ne a cikinsa. Shi gyaransa ba ya da wuya. Maganarmu a nan kan marar batir ne, wanda sifirin da ƙananan giya ke tuƙawa.

Agogona ya yi wata biyu a wurin mai gyara. Yaudarata yake yi?

Akwai masu wasa da hankalin mutane a kowace sana'a, amma a wannan harka yawanci ba laifinsa ba ne, kuma ina jin takaici in na ga ana zagin dattijo a gaban teburinsa kan abin da ya fi ƙarfinsa.

Agogo na ainihi yana da lambar inji, kowane ɓangare nasa yana da tasa lambar, akwai takardar da ke nuna inda ake ɗiga mai da irin man. Na kwafi ba shi da ko ɗaya, domin masana'antar da ta haɗa shi ɓoye kanta take yi. Sai mai gyara ya buɗe marfin baya, ya maƙala gilashin dubawa a ido, ya ga an zana sunan babban kamfani a kan farantin sama, ya ɗaga farantin ya tarar da wani inji daban a ƙarƙashi. Daga nan zai ɗauki hoto da waya, ya tura wa wani a Kano ko a Sin, a yi ta kwatance. Abin ya iso, a ɗora shi da hantsaki, a ga ramin ya ɗan fi faɗi ko haƙoran ba su hau ba. Shi ke nan, an koma farko.

Sannan kurono ba ƙaramin aiki ba ne. Sassansa sun kai 200 ko fiye, wasu kusoshin ba su kai ƙwayar gero ba. Mutumin da yake yini yana canza batir da madauri a bakin Babbar Kasuwa, ƙura na tashi, masu saye na kiransa, ba shi da natsuwar da zai warware irin wannan inji ya mayar. Wasu sukan jira sai sun koma gida da dare, wasu kuma su miƙa wa wanda ya fi su, ba tare da sun faɗa maka ba.

To wane inji ne a cikin waɗannan agogunan?

Wannan ita ce tambayar da ta kamata a yi tun kafin a biya kuɗi, domin amsarta ce take nuna ko agogon zai gyaru.

Wanda aka fi samu shi ne kwafin Valjoux 7750, injin ƙasar Suwis da ya fito a farkon shekarun 1970. Yana yi wa kansa wani da motsin hannu, yana bugawa sau 28,800 a awa, wato takwas a daƙiƙa. In ka girgiza hannu ka ji wani nauyi yana juyawa da sauri a ciki har yana ɗan kaɗa agogon, alamarsa ce. Masana'antu daban-daban a Sin suna kwafarsa, kuma nan matsalar take: sunan ɗaya, amma na wannan masana'anta ba lalle ya shiga na waccan ba.

Na biyu shi ne Seagull ST19 na birnin Tianjin. Asalinsa injin Venus 175 ne na Suwis, wanda Sin ta sayi kayan ƙera shi a farkon shekarun 1960 don yi wa matuƙan jiragen yaƙinta agogo. Da hannu ake yi masa wani, yana bugawa sau 21,600 a awa, kuma an fi saka shi a cikin kwafin Omega Speedmaster. Shi wannan yana da gida, kamfanin da ke yin sa sananne ne, ana sayar da injin a fili. Shi ya sa ya fi sauran sauƙin samu.

Na uku kwafin injin Rolex 4130 ne, wanda Rolex ta fitar a shekarar 2000 don agogonta mai suna Daytona. Ya fi tsada, ya fi kama da na ainihi, amma kayan gyaransa sun fi wuyar samu, don ba a cika sayar da su ɗai-ɗai ba.

Me ya sa kwafin Daytona ya fi saurin mutuwa?

A injin 7750 ƙaramar allurar daƙiƙa tana wajen ƙarfe 9. A Daytona mai injin 4130 kuwa tana wajen ƙarfe 6. Don fuskar ta yi kama da ta ainihi, masu kwafi sukan ɗora wani faranti da jerin ƙarin giya a kan 7750 su kai motsin daga 9 zuwa 6. Waɗannan giya suna jan ƙarfin injin, sau da yawa ba duwatsun da ke rage gogayya a ƙarƙashinsu, ba isasshen mai. Suna cinyewa, agogo ya riƙa tsayawa. Kuma tunda wannan faranti ba ya cikin tsarin injin na asali, babu inda za ka same shi sai a jikin wani mataccen agogo irinsa. Mai gyaran da ya ce maka yana jiran "gawa" ya ciro, gaskiya ya faɗa.

Ba za a saka kayan Suwis na ainihi ba?

Wasu sassan 7750 na ainihi suna shiga kwafi, wasu ba sa shiga. Samun su ma aiki ne: kamfanin Swatch, mai mallakar ETA da ke ƙera 7750, ya daina ba dillalai masu zaman kansu kayan gyara daga ƙarshen 2015. Rolex kuwa ba ta sayar wa kowa sai wuraren gyaran da ta amince da su, su kuma ba sa taɓa jabu.

In an yi odar kayan, me ke tsayar da su a hanya?

Ƙaramin abu irin wannan ba wanda zai yi masa jigila shi kaɗai. Yawanci jira ake yi wani ɗan kasuwa ya taso daga Guangzhou ko Dubai ya saka a jakarsa, ko a haɗa da kayan wani. In an haɗa da kayan kwantena, sai haƙuri: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe gadar Gaya da Malanbil, kayan da a da suke zuwa ta Kwatano suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, manyan motoci na jiran rakiyar soja kafin su shigo ta Tera. Mutanen Tawa su sun fi leƙa Najeriya, ta Birnin Ƙonni da Illela zuwa Sakkwato da Kano.

A kula da kalanda kuma. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu da shaguna su rufe na makonni. Akwai wani hutun na mako guda daga 1 ga Oktoba. Wani lokaci kuma hukuma ta kai samame masana'antar kwafin, samfurin ya ɓace daga kasuwa gaba ɗaya.

In mayar wa wanda ya sayar mini a waje fa?

Ban ba da wannan shawara ba. Jabu haramtaccen kaya ne a idon ƴan duwan. A Faransa da Suwis ana ƙwace shi ko da na amfanin kanka ne. Nijar ma tana cikin ƙungiyar OAPI mai kare alamun kasuwanci, ƙarƙashin yarjejeniyar Bangui ta 1977. In agogon ya ɓace a hanya, ba ka da wurin kai ƙara.

Gyara ya fi, ko canza injin gaba ɗaya?

In ST19 ne ko 7750 da ba a yi wa ƙari ba, sau da yawa sabon inji ya fi sauri kuma ya fi kwanciyar hankali, sai a ajiye tsohon don cirar kaya nan gaba. Amma a tabbata tsayin sandunan allurai da wurin kwanan wata sun dace da fuskar, kuma sabon injin ma a duba mansa, domin da yawa a bushe suke fitowa ko da datti. In kuɗin ya kusa rabin abin da ka sayi agogon, ni dai gara ka tara ka sayi kurono mai sunan kansa, irin Seagull 1963, wanda kowa zai iya yi maka odar kayansa ba ɓoye-ɓoye.

Me zan yi don kada in koma wurin mai gyara da wuri?

Cire shi kafin alwala. Rubutun da ke cewa ba ya shan ruwa, a kan kwafi ba abin dogaro ba ne, kuma danna maɓalli da jiƙaƙƙen hannu yana shigar da ruwa ciki. Lokacin hunturu ka tabbata kan agogon, wato abin da ake murzawa a saita lokaci, a rufe yake, don ƙura da mai in sun haɗu cin ƙarfe suke yi. Zafin Afrilu da Mayu yana busar da man, saboda haka kada a bar shi a gaban mota. Kada ka kwantar da shi kan waya ko kusa da lasifika, maganaɗisu na sa shi gudu fiye da kima. Kada ka danna maɓallin ƙasa alhali allurar na tafiya. In 7750 ne, kada ka canza kwanan wata tsakanin ƙarfe 8 na dare da 2 na dare a fuskar agogon, domin a lokacin giyar kwanan wata ta riga ta kama, kana tilasta ta haƙori zai karye.

In kuma ya zama dole ka kai shi, ka ce a buɗe a gabanka, ka ɗauki hoton injin, ku yi ciniki kan kuɗin aiki daban da kuɗin kaya daban, ku kuma sa ranar da zai dawo maka da agogonka a haɗe ko an samu kayan ko ba a samu ba.