Me ake nufi da "jirgi maras matuƙi"?

Tun bayan harin Tudun Biri, ƙauyen jihar Kaduna da jirgin sojoji ya jefa wa bam a Disambar 2023, "jirgi maras matuƙi" bai bar bakin masu karanta labarai ba. Har a teburin mai shayi a Agege ko Idi-Araba za ka ji ana cewa jirgin da kansa ya tashi, da kansa ya hango mutane. Wannan fahimtar ce ke damuna. Jirgin yana da matuƙi. Ba ya cikinsa ne kawai, yana can nesa da na'ura a gabansa. Da a ce ni ake tambaya, "jirgin da ake tuƙawa daga nesa" za a riƙa cewa, don mai sauraro ya san akwai wanda za a tambaya idan an yi ɓarna.

Dabarar ma ta girmi jirgin sama. A 1898 Nikola Tesla ya nuna ɗan jirgin ruwa da yake sarrafawa da rediyo a New York.

Wanda yake son ganin aikin matuƙin nesa, ya dubi ƙananan jiragen ruwa da masu sha'awa ke ƙerawa suna kwaikwayon irin su Cutty Sark, jirgin ruwan dakon kaya na Birtaniya na 1869: turaku uku a tsaye, kowanne da sanduna a gicciye, an rataya musu ƙyallaye masu kusurwa huɗu. Iska kaɗai ke tura ɗan jirgin. A cikinsa akwai batir, da na'urar karɓar saƙon rimot, da 'yan injuna. Ɗaya yana juya farantin da ke ƙarƙashin wutsiya, wato sitiyarin jirgin. Sauran suna jan igiyoyin da aka ɗaure a bakin sandunan, su karkatar da ƙyallayen. Galibi turken gaba injinsa daban, na baya biyun su haɗa ɗaya.

Akwai dalili. Irin wannan jirgi ba ya iya fuskantar iska, sai ya kauce mata da fiye da digiri 60. In za a juya shi ta cikin iskar, sai a karya sitiyari. Da hancinsa ya zo daidai inda take fitowa, a juya ƙyallayen baya, a bar na gaba iska ta buge su ta fuska ta ture hancin ya ƙetare, sannan su ma a juya su. Aka makara kaɗan, jirgi ya tsaya cak, ya fara ja da baya. Duk da dalmar da ake maƙala masa a ƙasa don kada ya kife, in ka sa shi a ruwan Legas, inda iskar teku ke tasowa daga kudu maso yamma, ruwa kuma yana cika yana janyewa, ba za ka iya ɗauke ido ko yatsa ba.

Akwai dai jiragen da ke bin hanyar da aka shata musu ta GPS ba tare da an riƙe rimot ba. Waɗannan wani rukuni ne daban, kuma ya kamata masu labarai su riƙa faɗa mana wanne suke nufi.