Ma'aikatan ido da ƙungiyar ƙwadago a arewacin Kamaru: tambayoyi da amsoshi

Wani ƙanena da ke yankan gilashi a shagon tabarau a Garwa ya tsare ni da tambayoyi bayan an yi wata biyu ba a biya shi ba. Na ga abin ya shafi da yawa, daga mai gwada ido har mai shara a ɗakin aikin yanar ido.

Shin mai aiki a shagon tabarau ma yana da ikon shiga ƙungiyar ƙwadago?

Yana da shi. Dokar ƙwadago ta Kamaru, ta 14 ga Agusta 1992, ta ba ma'aikata damar kafa ƙungiya da shiga wadda suka ga dama, ta kuma hana maigida ya takura wa mutum saboda haka. Kamaru ta amince da yarjejeniya ta 87 da ta 98 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun shekarun 1960.

To me ya sa ba mu taɓa ganin wakilin ma'aikata a shagonmu ba?

Nan gizo ke saƙa. Doka ta wajabta zaɓen wakili ne inda ma'aikata suka kai 20. Ka ƙirga shagunan tabarau na Garwa ko Marwa, wanne ne ya tara 20? Galibi maigida ne, da mai gwaji, da mai yanka, da yarinyar da ke karɓar kuɗi. Rijistar sabuwar ƙungiya ma sai da sa hannun mutum 20. Saboda haka shago ɗaya ba zai iya ba, sai ma'aikatan shaguna da dama sun haɗa kai, ko su shiga ƙungiyar da ke akwai.

Amfanin wakili kuwa babba ne: ba a korarsa sai da izinin sufeton ƙwadago. Shi ya sa yake iya buɗe baki ya faɗi abin da sauran ke gunaguni a kai a bayan shago. Ma'aikacin ƙaramin shago ba shi da wannan garkuwa, kuma a ganina babban giɓi ke nan a sana'ar nan.

Ai akwai hukumar masu sana'ar tabarau ta ƙasa. Ba ita ce ƙungiyarmu ba?

A'a. Ita aikinta tsare sana'a, wa ya cancanta ya buɗe shago, wa ke yi da ka. Albashinka ba ya gabanta.

Me ya zama dole maigida ya ba ni?

Tun Maris 2023 mafi ƙarancin albashi a kamfanonin da ba na noma ba sefa 60,000 ne a wata. Aiki awa 40 a mako, abin da ya haura kuɗinsa daban. Hutun kwana ɗaya cikakke kowane mako, da hutun shekara da ake tara kwana ɗaya da rabi a kowane wata. Mace mai ciki tana da mako 14. Sai rijista a CNPS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, wadda da ita ne fansho da kuɗin haɗarin aiki suke. Mai yanka da injin goge gilashi ya san yadda ɓarɓashi ke tashi, kada ya raina wannan.

Maigidanmu ya ce mu 'yan gida ne, ba sai an yi takarda ba.

Na sha jin wannan, kuma sau da yawa da zuciya ɗaya ake faɗa. Amma ranar da aka ɓata, zumunci ba ya shaida a gaban sufeto. Ka nemi takardar albashi kowane wata ka adana. Kwantiragin da aka ƙayyade wa lokaci, in ya wuce wata uku, dole a rubuta shi. Ba ya wuce shekara biyu, sau ɗaya kuma ake sabunta shi. Ma'aikatan da ake ɗauka don gangamin aikin amodari a ƙauyuka su fi kula da wannan, don kuɗin masu tallafi na ƙarewa, aiki ya ƙare.

Kason da ake ba mu kan kowane tabarau da muka sayar fa?

In ƙari ne kan albashi, madalla. In shi ne albashin, akwai matsala, kuma ba kai kaɗai za ta ci ba. Tsohuwa ta taso daga Pitowa da yana a ido, aikin tiyata take buƙata, amma mai gwajin da cikinsa ya dogara da ciniki zai ɗora mata gilashi. Albashi tsayayye shi ke ba ma'aikaci ƙarfin cewa, "Inna, asibiti za ki."

Ma'aikatan ido na asibitin gwamnati su ma haka ne?

Cikakken ma'aikacin gwamnati dokarsa daban. Na wucin gadi su ne a tsaka mai wuya, kuma batun ba su kwantiragi na cikin abin da ya kai ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya ga yajin aiki a Mayun 2023.

Albashina na wata biyu fa, Yaya, ina zan dosa?

Ka fara yi wa maigida magana, da wani dattijo a tsakani in ya samu. In ya ƙi, sai ofishin sufeton ƙwadago, shi zai zaunar da ku sulhu. In sulhu ya gagara zai ba ka takardar shaidar haka, da ita ake zuwa kotu, kuma ba a biyan kuɗin shari'ar ƙwadago. Kada dai ka bari ya kwana da yawa: bashin albashi shekara uku ne wa'adin nemansa.