Kafin ka hau dutse, ka san jininka

A ƴan shekarun nan, cikin masu zuwa neman katin rigakafin shawara a nan Yamai, akan sami waɗanda tafiyarsu ba ta fatauci ba ce, ba kuma ta karatu ba. Taro ko aiki ya kai mutum Adis Ababa ko Arusha ko Lima, sai ya ƙara kwanaki ya bi masu jagora, a yi kwana huɗu ko mako ana takawa cikin duwatsu don a ga kufan mutanen da, dare ya yi a sauka a masauki na alfarma mai ruwan zafi da katifa mai laushi. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Abin da ke damuna shi ne duk tambayarsu ba ta wuce allura da maganin sauro. Ba mai tambayar iskar da zai shaƙa.

Mu mutanen ƙasa-ƙasa ne. Yamai ba ta fi kimanin mita 200 sama da teku ba, Tawa ba ta kai 400 ba. Ko ƙololuwar Bagzan a Abzin, wadda ta fi ko'ina tsawo a Nijar, mita 2,022 ce. Wanda ya je can ko kufan Asode, ƙishirwa da sanyin daren hunturu da kunama ne abin tsoronsa. Ciwon tudu kuwa, wato wanda ƙarancin iska ke jawowa a wuri mai tsawo, yakan fara ne daga wajen mita 2,500. To birnin Kusko na ƙasar Peru, inda jirgi ke sauke masu zuwa kufan Machu Picchu, yana mita 3,400, kuma a can kowane numfashi yana kawo maka iskar oksijin da ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Shi kansa kufan yana mita 2,430, amma tsohuwar hanyar Inka, mutanen da suka gina shi, mai kwana huɗu, sai ta ratsa da kai ta wani mashigi mai mita 4,215 kafin ka isa. Hanyar Salkantay, wadda ake kwana a masaukai masu tsada, ta kai wajen 4,600. Kuɗin ɗaki ba ya canza iskar da ke cikin ɗakin.

Ciwon yakan zo awa shida zuwa sha biyu bayan isa: kai ya riƙa sara, zuciya na tashi, abinci ya fita rai, barci ya gagara. Ƙarfin jiki ba ya hana shi. Ɗan ƙwallo na iya kwanciya, tsohuwa ta wuce shi. Maganinsa na farko shi ne kada ka ƙara hawa sai ya lafa. Da ma ƙa'idar likitoci ita ce in an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Sannu ba ta hana zuwa. Akwai ƙwayar acetazolamide da ke taimaka wa jiki ya saba, amma likita ne zai rubuta maka, kuma kada ka firgita in ka ji yatsunka na tsikari ko fitsari ya yawaita.

Inda nake jin tsoron halinmu shi ne da safe. Jagora zai tambaye ka yadda ka kwana, kai kuma tun kana yaro aka koya maka amsa ɗaya: lafiya lau. Ga kunya, ga kuɗin da ka zuba, ga gudun kada a ce kai ne ka tsayar da ayari. Malam, wannan tambayar ba gaisuwa ba ce, awo ne. Faɗa masa gaskiya. In mutum yana zaune yana haki, yana tari da kumfa mai ja-ja, ruwa ne ya shiga huhu. In an ja layi a ƙasa aka ce ya bi, diddige na taɓa yatsa, sai ya yi tangaɗi ko maganarsa ta rikice, ƙwaƙwalwa ce ta kumbura. Waɗannan biyun ba a jiran wayewar gari da su. A sauko da shi nan take, mita 500 zuwa 1,000, kuma kada a bar shi ya sauka shi kaɗai.

Sai maganar da takardun talla ba sa yi, don ba da mu aka rubuta su ba: amosanin jini. Da yawa daga cikinmu AS ne, wato sun gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensu kawai, mutum ya girma har ya yi jikoki bai sani ba, don ba abin da ya taɓa damunsa. Amma in ƙarancin iska ya haɗu da wahalar hawa da ƙishirwa, ƙwayoyin jinin na iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci har kafaɗar hagu. Ba kowane AS yake samu ba, amma yana faruwa, kuma jagoran da bai saba da mutanenmu ba zai ɗauka ɓacin ciki ne. Gwajin ba wuya, ana yin sa a cibiyar masu sikila ta ƙasa da ke nan Yamai. Mai AS ya hau a hankali, ya sha ruwa sosai, ya sanar da jagora tun ranar farko. Mai SS ko SC kuwa, wato mai ciwon sikila kansa, shawarata ya haƙura da wannan tsawon.

Haka zazzaɓin cizon sauro. Kana iya tashi da shi a jini daga gida, ya bayyana bayan mako a kan dutsen da babu sauro ko ɗaya. Ciwon tudu bai cika zuwa da zafin jiki mai yawa ba, don haka in ga zazzaɓi ga ciwon kai, ka ce wa likitan can daga Nijar ka fito, a yi maka gwaji.

Takalmi kuma kada ka fara sa shi ranar tafiya, ka yi makonni kana yawo da shi. Ganyen koka, wanda da shi ake yin hodar iblis, da za a dafa maka a Peru, a can halal ne a dokarsu, amma kada ka kuskura ka jefa shi a jaka ka tsallaka iyaka.

Kafin ka biya ko dala, ka tambayi kamfanin abu uku a rubuce: tsawon wurin kwana na kowane dare, ko jagora na ɗauke da tulun oksijin, da kuma wa zai biya in aka sauko da kai asibiti.