Ta'arifi a Ilimin Mantiƙi

Ta'arifi shi ne bayanin da ke yi wa ma'anar abu iyaka har a rarrabe shi da waninsa. Malaman mantiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, sun gindaya masa sharuɗɗa: ya tattaro duk abin da sunan ya shafa, ya kuma hana bare shigowa, wato ya zama jami'i mani'i. Kada ya fi abin da ake bayyanawa duhu, kada kuma fahimtarsa ta dogara ga shi abin.

Tarihi

Tushen ƙa'idar yana wurin Aristotal, masanin falsafa na tsohuwar Girka, wanda ya gina ta'arifi a kan jinsi da fasali. A faɗi babban rukunin da abu yake ciki, sannan a kawo siffar da ta ware shi. Misalin da ɗalibai suka fi haddacewa shi ne mutum dabba ne mai hankali da magana. Wannan shi ake kira haddi. Idan aka ce dabba mai dariya, rasmi ne, domin dariya alama ce kawai, ba ta cikin hakikar mutum. An ruwaito cewa a makarantar Aflatun, malamin Aristotal, an taɓa bayyana mutum da mai ƙafa biyu marar gashin tsuntsu, sai wani masanin falsafa, Diyojinis, ya fige kaza ya kai musu don ya nuna cewa ta'arifin bai hana bare shigowa ba.

Malaman Musulunci sun ɗauki lamarin da gaske, kuma da dalili, tunda hukunci na iya sauyawa idan iyakar kalma ta gusa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya rubuta risala a kan haddodi, kuma a farkonta ya yarda cewa samun haddi na gaskiya abu ne mai matuƙar wuya ga ɗan Adam. Imam Gazali ya buɗe Al-Mustasfa, littafinsa na usulul fiƙhu, da gabatarwar mantiƙi da ta haɗa da haddi. Sharif Jurjani, da ya rasu a 1413, ya tara istilahohin fannoni a Kitabut Ta'arifat. Sullam na Al-Akhdari, waƙen mantiƙi da aka tsara wajen 1535, har yau ana karanta shi a zaurukan ƙasar Hausa.

Saɓani

Ibn Taimiyya ya musanta cewa haddi na kai mutum ga hakikar abu. A ganinsa rarrabewa kaɗai yake yi.

A zamanin yau

A Agustan 2006, masana taurari da suka taru a Prague, babban birnin ƙasar Czech, sun amince da sabon ta'arifin duniyoyin da ke kewaya rana, wanda ya fitar da Pluto daga sahunsu. Wasu masanan ba su karɓi hukuncin ba.