Wane ne gwarzon 'yan damben duniya? Tambayoyi da amsoshi kan gardamar da ta ƙi ƙarewa

Masu bibiyar damben zamani ba sa gajiya da gardamar wanda ya fi kowa a tarihi. Wani ya ce Muhammad Ali, wani ya ce Mike Tyson, matasa kuma su kafe a kan Floyd Mayweather da nasararsa 50 ba faɗuwa ko ɗaya. Ga wasu daga cikin tambayoyin da ke tasowa duk lokacin da aka tayar da zancen.

Me ya sa har yau aka kasa haɗuwa a kan mutum ɗaya?

Domin mutanen da ake kwatantawa ba dambe iri ɗaya suka yi ba. A zamanin Joe Louis da Sugar Ray Robinson ajin nauyi takwas ne, kuma galibi zakara ɗaya duniya ta sani a kowane aji. Yau ajin ya kai 17, ga manyan ƙungiyoyi huɗu, WBA da WBC da IBF da WBO, kowace na raba nata kambun. Saboda haka mutum zai iya amsa sunan zakaran duniya alhali akwai wasu uku a ajinsa da bai taɓa haɗa hannu da su ba. Henry Armstrong ya riƙe kambun aji uku a lokaci guda a 1938, wato uku cikin takwas da ake da su. Manny Pacquiao na Filifin ya ci kambu a aji takwas, abin da babu wanda ya yi, amma a zamanin da aka yayyanka ajin ƙanana.

Tsawon karawar ma ya canja. Da turmi 15 ake yi idan kambu ake nema, sai bayan rasuwar Kim Duk-koo na Koriya ta Kudu a 1982, sakamakon karawarsa da Ray Mancini, aka fara maida shi 12. Sannan ga waɗanda wariyar launin fata ta tare wa hanya. Sam Langford ya buge manyan 'yan dambe daga ƙaramin aji har zuwa na masu nauyi, bai taɓa ɗaura kambun duniya ba, don masu riƙe da kambun sun yi ta kauce masa.

To da me ya kamata a auna?

Ni ma'aunina ɗaya ne: da wa mutum ya kara, kuma a wane lokaci? Buge gwani yana kan ganiyarsa daban, buge sunansa bayan ƙarfi ya ƙare daban. Sai a ƙara da abin da ya yi ranar da aka fi ƙarfinsa.

Ali ya cancanci kirarin da ya yi wa kansa na wanda ya fi kowa?

A ajin masu nauyi, ƙwarai kuwa, duk da cewa ya sha kaye sau 5 cikin karawa 61. A duba jerin mutanen da ya tunkara. A 1964, yana ɗan shekara 22, ya karɓe kambu daga hannun Sonny Liston, mutumin da ya kwantar da Floyd Patterson a turmin farko har sau biyu. A 1967 ya ƙi shiga sojan Amurka a lokacin yaƙin Biyetnam, bisa dalilin addininsa na Musulunci, aka ƙwace kambun, aka hana shi dambe. Daga Maris 1967 zuwa Oktoba 1970 bai shiga fili ba, wato shekarun da ɗan dambe ya fi ƙarfi da zafin nama ya yi su a zaune. Sai a 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin da aka yanke masa.

Da ya dawo, ƙafar nan da yake rawa da ita ta rage sauri, kuma ya tarar da ajin cike da mazaje. Joe Frazier ya kai shi ƙasa ya kuma doke shi da maki a 1971. Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973. Ya rama a kan su biyun. Sai George Foreman a Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba 1974. Foreman yana da shekara 25, ya ci karawa 40 ba kaye, 37 da bugun kwaf ɗaya, kuma shi ne ya gama da Frazier da Norton kowannensu a turmi na biyu. Ali yana da 32, har makusantansa suna tsoron kada a illata shi. Ya jingina da igiya, ya kare fuskarsa, ya bar Foreman ya yi ta kirɓar haƙarƙari da damatsa har ya galabaita, sannan ya kwantar da shi a turmi na takwas. Shekara guda bayan nan aka yi ta Manila da Frazier, turmi 14 cikin zafi mai tsanani, har mai horar da Frazier, Eddie Futch, ya hana yaronsa fita na 15. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma Ali an gan shi bayan ta ƙare.

Yana da nasa abin zargi. Hukuncin karawarsa ta uku da Norton a 1976 har yau da yawa suna ganin Norton aka zalunta. Baƙaƙen maganganun da ya riƙa jifar Frazier da su sun wuce tallar wasa, sun bar wa mutumin ciwo a zuciya shekaru masu yawa. Kuma ya daɗe a fili fiye da kima. Dukan da Larry Holmes ya yi masa a 1980 abin takaici ne ga duk mai ƙaunarsa.

In haka ne, me ya sa masana tarihin dambe suka fi ambaton Sugar Ray Robinson?

Saboda idan aka ajiye girman jiki gefe aka duba iya dambe zalla, da wuya a samu kamarsa. Ali da kansa ya sha faɗin cewa Robinson ne gwaninsa. Ya yi karawa kusan 200 daga 1940 zuwa 1965. Ya ci 40 na farko a jere, sai Jake LaMotta, wanda ya fi shi nauyi da kusan kilo 7, ya doke shi a Fabrairun 1943. Mako uku kacal bayan nan suka sake haɗuwa, Robinson ya rama. Sau shida suka kara, ya ci biyar. Daga wannan kaye guda ya yi karawa 91 ba a sake doke shi ba, har zuwa 1951 da Randolph Turpin ya ba shi mamaki a Landan, Robinson kuma ya karɓe kambunsa bayan kwana 64.

Yana da sauri, yana da ƙarfin bugu a hannu biyu, yana iya kwantar da mutum ko da baya yake ja. Ya riƙe kambun ajinsa na asali daga 1946 zuwa 1951, ya haura aji na gaba ya ci kambunsa sau biyar. Sau ɗaya tak ya kasa kammala karawa, a 1952 da ya ƙara haurawa ya tunkari Joey Maxim a New York. Yana gaba da maki, amma zafin daren ya kai kusan 40 a ma'aunin Salshiyos, har alƙalin wasan ya jigata aka canja shi, Robinson kuma ya kasa tashi bayan turmi na 13. Yawancin kayen da ya sha, 19 a jimilla, sun zo ne bayan shekaru sun ja.

Abin da ke rage masa farin jini a wajen 'yan baya shi ne ƙarancin hoton bidiyo na lokacin da yake kan ganiyarsa. Duk da haka, in an tilasta ni in ambaci suna ɗaya a iya dambe, Robinson zan ce, Ali ya biyo baya.

Wanda ba a taɓa doke shi ba fa, kamar Mayweather da Rocky Marciano?

Mayweather gwani ne na gaske, kuma a fannin kauce wa naushi yana cikin 'yan ƙalilan na sahun farko. Ya ci kambu a aji biyar, kuma yadda ya wargaza Diego Corrales a 2001 ya isa shaida. Matsalar tana wajen lokaci. Canelo Alvarez yana da shekara 23 lokacin da suka kara a 2013. Karawar da duniya ta so gani da Pacquiao tun wajajen 2010 ba a yi ta ba sai 2015, bayan Juan Manuel Marquez ya riga ya sumar da Pacquiao a 2012. Nasara ta 50 kuwa a kan Conor McGregor ce, wanda bai taɓa damben ƙwararru ba kafin ranar.

Marciano ya yi ritaya a 1956 da nasara 49, kuma jarumi ne marar ja da baya. Amma Joe Louis yana da shekara 37 lokacin da Marciano ya doke shi, Jersey Joe Walcott yana da 38.

Ina matsayin Tyson?

Tsakanin 1986 da 1988 babu mai nauyin da ya kai shi ban tsoro. Ya zama zakara yana ɗan shekara 20, mafi ƙarancin shekaru a tarihin ajin, ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91. Daga nan abubuwa suka fara rushewa: Buster Douglas ya kwantar da shi a Tokyo a 1990, aka ɗaure shi a 1992 bisa laifin fyaɗe, ya yi shekara uku a gidan yari. Manyan tsararrakinsa biyu, Evander Holyfield da Lennox Lewis, duk sun doke shi, kuma a karawa ta biyu da Holyfield a 1997 cizon kunne ya sa aka kore shi. Bai taɓa rama kaye ko ɗaya ba. Wannan ya sa ban sa shi cikin biyar na farko a masu nauyi, ko da yake na san magoya bayansa ba za su ji daɗin wannan ba.

Abin da mutum ya yi a wajen fili yana shiga lissafi?

Yana shiga, in dai za a ware shi da iya dambe. Joe Louis ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. Amma abin da aka fi tunawa shi ne daren 22 ga Yuni 1938, da ya gama da Max Schmeling na Jamus cikin minti biyu da 'yan daƙiƙai, a lokacin da gwamnatin Hitler ke tallar Schmeling a matsayin shaidar fifikon jinsinsu. Fararen Amurka da yawa a ranar suka fara goyon bayan baƙar fata a fili. Louis ya ba asusun agajin sojoji kuɗin karawa biyu a 1942, daga baya kuma bashin haraji ya bi shi ya tagayyara shi. Ali ma abin da ya sa ake sa wa yara sunansa daga Kano har Jakarta ya wuce naushi: an ga mutum ya sadaukar da kambu da dukiya don abin da ya yi imani da shi.

Akwai ɗan Afirka da ya kamata a sa a wannan gardama?

Akwai, kuma ana yawan tsallake su. Battling Siki na Senegal ya doke Georges Carpentier a Faris tun 1922. Hogan Bassey na Kalaba ya zama ɗan Najeriya na farko da ya ci kambun duniya a 1957. Azumah Nelson na Gana ya ci kambu a aji biyu, ya fara da doke Wilfredo Gomez a 1984, kuma da yawa suna ganin shi ne mafi girma daga nahiyar.

Ni Dick Tiger nake sa wa gaba, bisa ma'aunin da na ambata. Ya karɓe kambu daga Gene Fullmer a 1962, ya kare shi a filin Liberty na Badun a Agustan 1963 a gaban mutanen ƙasarsa. A 1966, yana da shekara 37, ya haura ajin da ya fi ƙarfin jikinsa ya doke Jose Torres. Ya kara da Joey Giardello da Emile Griffith da Rubin Carter da Nino Benvenuti, ya kuma amince ya ba Bob Foster dama a 1968 a lokacin da wasu ke gudunsa, abin da ya jawo masa rasa kambun. Mujallar The Ring ta zaɓe shi ɗan damben shekara a 1962 da 1965. Yaƙin basasa ya cinye dukiyar da ya tara, ciwon hanta kuma ya yi ajalinsa a Disambar 1971 yana da shekara 42.