Waiwaye: Linzamin Yaƙi a Bakin Dokin Sallah

Ranar Hawan Daushe, duk wanda ya samu wurin tsayuwa kusa da Ƙofar Fadar Zazzau, ado ne ke fara cika masa ido: jalala, rawuna, alkyabbu, ga kakaki da algaita. Ni kuwa a 'yan shekarun nan bakin dawakin nake kallo. Sai ka ga ingarma ya wage baki, kumfa na dalala, wata sa'a har da ratsin jini, yana ta wurga kai sama. 'Yan kallo su ce, "Kai, dokin nan akwai rawa!" Ban yarda duka rawa ba ce, kuma dalilina yana cikin tarihin ƙarfen da ke bakinsa.

Doki ya zauna a ƙasar Hausa ne a matsayin makami. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke, kuma har da Zazzau ya gwabza. Sarauniya Amina ma a kan doki ake ba da labarin yaƙe-yaƙenta. Sarautun Madaki da Shamaki duk daga nan suka samo tushe, ɗaya na jan rundunar dawaki, ɗaya na kula da bargar sarki.

Barde a fagen fama hannunsa ɗaya na riƙe da mashi ko takobi, saboda haka dole doki ya tsaya cak da fizga guda. Don wannan buƙata maƙera suka ƙera linzaminmu: harshen ƙarfe da ke miƙewa ya daki ganɗa idan an ja, ga zobe da ya zagaye muƙamuƙin ƙasa. Inda yake zama a baki wuri ne da babu haƙori, dasashi ne siriri a kan ƙashi. Kaimi ma haka, mai tsini aka yi shi don a tilasta wa doki kutsawa cikin masu.

Sai dai a yi wa magabata adalci. Doki nagari yakan kai kuɗin bayi da dama, kuma a kudancin Zazzau tsando na sa wa dawaki sammore su mutu, sai an sayo wasu daga arewa. Wanda ya mallaki irin wannan dukiya ba ya wasa da ita. Akwai masu yanko ciyawa, akwai mai tashi cikin dare ya zuba harawa, ga gero da dusa da kanwa, ga kilisa safe da yamma. Malamai kuma suna karantar da hadisin da ya ce alheri a ƙulle yake a makwarkwaɗar dawaki har tashin alƙiyama, da wanda ya hana a mai da bayan dabba mumbarin zama.

Turawa suka ci Zariya a 1902, ba da jimawa ba yaƙin dawaki ya ƙare. Hawa ya koma biki, har ya kai ga manyan hawan daba na Kaduna, na 1956 lokacin ziyarar Sarauniyar Ingila da na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977. Mota da babur suka karɓe tafiya. Linzamin dai bai sauya ba.

Nan ne abin ya fi damuna. Dokin yau yakan yi makonni ɗaure a turke, dabbar da Allah Ya halitta da ƙaramin tumbi don ta wuni tana tafiya tana kiwo. Sallah na zuwa a ɗora masa sirdi da kayan ado masu nauyi, kwana uku a jere cikin rana. Dokin haya ya fi shi shan wuya. A hawan angwanci sai a miƙa ragamarsa ga saurayin da bai taɓa hawa ba, ya yi ta sukuwa a kan kwalta, ga babura na ɓarin hayaƙi da ƙara, idan tsoro ya kama shi linzami yake rataya a kai da dukan ƙarfinsa. Ya sauka, wani ya haye.

A ƙasashen Turai ma ba su tsira ba. A 2010 hukumar wasannin dawaki ta duniya ta haramta tanƙwara wuyan doki da ƙarfi har haɓa ta kusa taɓa ƙirji. Kuka kuma ya ƙaru bayan wasannin Olamfik na Tokyo a 2021, inda duniya ta ga ana dukan wani doki da ya ƙi tsallake shinge. Abin da ya fi amfani gare mu shi ne aikin wata likitar dawaki 'yar Ingila, Sue Dyson, wadda a 2018 ta fito da jerin alamomi 24 na dokin da ake hawa, ta ce idan takwas suka haɗu to akwai yiwuwar ciwo yake ji. A ciki akwai wage baki, da kwantar da kunnuwa baya, da yawan kaɗa wutsiya, da wurga kai. Rabin abin da muke tafa wa a filin jafi ke nan. Doki ba ya numfashi ta baki, don haka buɗe bakin nan ba shan iska ba ne, gudun ƙarfe yake yi.

Zariya kuwa ba ta rasa masana ba. Tun shekarun 1960 Jami'ar Ahmadu Bello ke horar da likitocin dabbobi a Samaru, ga asibitinsu na koyarwa. Amma da yawa ba a kai doki can sai ya kwanta.

Wani dattijo da ya tsufa a barga ya taɓa nuna mini yadda yake duba dokinsa bayan hawa. Ya kwance majayi, ya sauke sirdi, ya bi bayan da tafin hannu a hankali. Da ya zo kusa da kafaɗa sai fatar ta yi karkarwa, dokin ya sunkuyar da baya. Ya nuna mini wasu fararen gashi biyu a wurin, tabon tsohon miki. Ya ce, "Yaro, wannan ba zai ga sirdi ba sai bayan kwana goma, ko wa ya aiko."