Dan Allah ku daina "mu gama a gida"

Salamu alaikum iyayena da 'yan uwana na zango. Ni ce dai nas ɗinku mai rataye da sikeli ranar awon jarirai, kun saba ganina tsakanin Aboabo da Asawase a nan Kumasi ina yi muku surutun riga-kafi. Yau ba allura ce ta kawo ni ba, abu ne da ya daɗe yana cina a rai kuma wallahi na gaji da haɗiye shi.

Kwanan baya wata Mma ta jira har kowa ya watse, ina naɗe katunan awo, sai ta matso ta ce Anti nas duba min jikata, kwana biyu ba ta cin abinci, ko kokon safe sai ta ture. Yarinya 'yar shekara tara, ta ƙanƙame bakin mayafin kakarta, ido a ƙasa, ko zama a benci ta kasa yi da kyau. Da na lallaɓa na tambaya, ashe kwana biyar ke nan da wani magidanci a gidan hayarsu ya aike ta siyo masa ruwan leda, ta kai masa ɗaki, ya yi mata fyaɗe. Na ce Mma kun je wajen polis? Ta ce a'a, ai manya sun zauna. Mai gida ya kira shi, ya durƙusa ya ce sharrin shaiɗan ne, ya ba da kuɗin magani, aka raba goro, aka shafa fatiha, aka ce ya tattara kayansa ya bar gidan. Ya bar gidan ya tafi ina? Wata unguwar. Can ɗin babu yara ne?

Wannan "mu gama a gida" ɗin shi ne ciwona. Mu rufa wa juna asiri, kar a ɓata wa yarinya suna ta rasa miji, ɗan uwanmu ne musulmi ba a kai shi gaban hukuma, zumunci zai lalace. Haba jama'a! Asirin wa kuka rufa? Na ƙaton da ya yi ɓarnar. Ita kuwa yarinyar kullum dare tana firgita tana fitsarin kwance, ku kuma ku bi ta da duka wai ta girma ba ta da hankali.

Kuma bari in faɗa muku, dokar Gana ba ta bar wannan magana a hannun mai gida ko kawu ko wani dattijo ba. Dokar manyan laifuka ta 1960, wadda ake kira Act 29, sashe na 101, ta ce duk wanda ya kwanta da yaro ko yarinya da ba su kai shekara 16 ba, ɗauri ne daga shekara 7 zuwa 25. Ko da yardarta ko babu, duk ɗaya ne, saboda haka masu cewa "ai ita ta kai kanta, idonta a buɗe yake" ku adana bakinku. Yaro namiji ma dokar ta haɗa da shi, don su ma muna ganinsu, sai dai nasu an fi binnewa. Irin wannan laifi ba a sasanta shi a zaure, kuma wanda ya karɓi kuɗi don a kashe magana shi ma ya taka doka. Ga kuma dokar yara ta 1998, Act 560, ta ɗora wa duk wanda ya san ana cutar da yaro nauyin ya kai rahoto ga sosha walfiya, wato ofishin gwamnati mai kula da jin daɗin jama'a. Duk wanda ya sani fa, har ke maƙwabciya mai leƙe ta taga kina cewa ba ruwana.

Na san ba mugunta ce ke sa ku ba, iyayena. Na san tsoro ne da kunya, da bakin mutanen zango wanda ya fi reza kaifi, wani lokacin ma mutumin shi ke biyan kuɗin haya ko shi ke kawo cefane, uwa ta rasa yadda za ta yi. Na kuma san zirga-zirgar kotu akwai gajiya, yau a ɗaga gobe a ɗaga, ga kuɗin mota, wani wurin har a nemi kuɗi kafin likita ya cike fom ɗin polis, alhali dokar 2007 ta cin zarafi a gida ta ce a yi wa wanda aka cuta magani kyauta. Duk na sani, ina tare da ku a wannan kukan. Amma kwanakin da kuke ɓatawa kuna jiran Alhaji ya dawo daga tafiya a zauna, mu a asibiti su ne suke kashe mu. Maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72, kwana uku kacal, in ya wuce ya wuce. Jikar Mma da na ba ku labari ta zo a rana ta biyar. Na rasa abin da zan ce wa tsohuwar nan, sai da na fita waje na share ido na dawo.

Sannan wankan nan. Da abu ya faru sai a dafa ruwan zafi, a zuba Dettol ko gishiri a gasa yarinya, a wanke kamfai da zanen a shanya. Kun wanke shaida ke nan da hannunku, gobe mutumin ya tsaya gaban alƙali ya rantse bai taɓa ganinta ba.

To ga abin yi, a gurguje:
kar a yi mata wanka, kar a gasa ta.
Kayan da ke jikinta a naɗe a takarda mai tsabta, kar a sa a leda.
A tafi ofishin polis mafi kusa a ce ana neman DOVVSU, sashen polis mai kula da cin zarafi a gida da na yara, wadda tsofaffinmu suka sani da WAJU, za su ba da fom na likita.
In tana zubar jini ko ta galabaita, asibiti tukuna, Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa, fom ya biyo baya. Da dare ne, a kira lambar gaggawa 112.
Kar a tara mata mutane ana ta tambaya, kar a dake ta, a ce mata ba laifinki ba ne.

Malamanmu na makarantar allo da limamai, dan Allah in an kawo muku irin wannan ku yi addu'a sannan ku tashi ku raka su wajen hukuma da kanku, in kuna gaba babu mai buɗe baki ya zagi uwar yarinya. Wadda kuma take jin nauyin zuwa ita kaɗai, ta same ni ranar awo, ta ce min kawai "Anti ina da magana", zan ajiye sikelin mu tafi tare.